Kile, Google Drive, Telegram ko Git: ina ya kamata rubutun wasanka ya kwana?

Ana gab da la'asar ɗan ƙanwata ya shigo mini shago, kwamfuta a hammata, idonsa ya yi ja. Ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, kuma wata takwas ke nan yana haɗa wasan labari da Ren'Py, wata manhajar haɗa wasannin kwamfuta: yaro ne ya bi ayarin gishiri daga Damagaram zuwa Bilma, mai wasa shi ke zaɓa masa abin da zai yi a kowane zango. Na sha ganinsa a fada, abokai na dafa shayi, shi yana gefe yana rubuta maganganun madugu.

"Kawu, babu komai a ciki," ya ce. "An ɗauke kuran tana cikin sabunta Windows, batirin kuwa ka san ya mutu tun bara. Ta ƙi tashi, na kai gyara, aka share ta aka zuba sabo."

Na ce masa, "Kashe ta tukuna, ɗana. Zauna ka faɗa mini duk wanda ka taɓa ba wasan nan."

Kwana uku muka yi a kai. Mun ceto kaso mai yawa, wani kuma ya tafi har abada. Masu irin wannan aiki a garin nan sun fi yadda ake zato, wasu da Ren'Py, wasu da Godot ko Unity, kuma mafi yawansu kwafi ɗaya tak gare su. Abu biyu ke buƙatar zaɓi: hanyar da za ka fara bi in rubutun ya ɓace, da wurin da za ka ajiye shi tun bai ɓace ba.

Kafin komai, a raba fayil iri biyu. Akwai ɗanyen rubutu, wanda ka buga da hannunka: .rpy a Ren'Py, .gd a Godot, .cs a Unity. Akwai kuma dafaffe, wanda injin wasan ya sarrafa domin na'ura ta karanta, kamar .rpyc. Ren'Py na da wani hali da ke yaudarar mutane: yana iya tafiyar da wasa da .rpyc ko da babu .rpy. Sai mutum ya ga kowane fayil sau biyu, ya ɗauka maimaici ne, ya goge .rpy, wasan kuma ya ci gaba da tashi lafiya lau. Ba zai farga ba sai ranar da ya zo ƙara wani babi.

Hanyar ceto mafi arha kuma mafi kyawun sakamako ita ce duba abin da manhajojinka suka ɓoye maka ba ka sani ba. Ren'Py da kansa yana kwafe fayilolin .rpy idan ka tada wasa bayan gyara. A Windows suna cikin %APPDATA%\RenPy\backups. VS Code, manhajar rubuta kod, tun fitowar 1.66 ta watan Maris 2022, yana riƙe tarihin fayilolin da ka adana a %APPDATA%\Code\User\History. Notepad++ ma na da folda mai suna backup. Idan an sake zuba Windows ba tare da share diski ba, nemi Windows.old da gaggawa, domin ba ta daɗewa na'urar ke kawar da ita. Abin da ka samu ta nan rubutunka ne sak, da bayanan gefe da komai. Illarsa ɗaya: duk a kan diskin nan ɗaya suke zaune. A wajen ɗan ƙanwata, sharewar da aka yi ta tafi da su gaba ɗaya.

Hanya ta biyu tonon diski ne, da Recuva ko PhotoRec, wanda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma kyauta ne. A nan irin diskinka ne ke yanke hukunci. Tsohon diski mai faifai da ke juyawa, idan an goge fayil, sunansa kawai ake cirewa daga rajista, kamar a cire allon suna daga ƙofar ɗaki kaya na nan ciki, har sai an zuba wani abu a gurbinsa. Shi ya sa na ce ya kashe kwamfutar. Kowace manhaja da ka sauke, har da ita manhajar ceton, tana iya sauka a kan abin da kake nema. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A cire diskin a jona shi a wata na'ura, abin da aka tono kuma a zuba shi a wani wuri dabam. SSD kuwa, wato diskin zamani marar faifai, labarinsa daban. Akwai umarnin da ake kira TRIM, wanda ke sanar da diskin cewa wuraren nan ba a buƙatarsu, shi kuma ya wanke su ba da jimawa ba. Kwamfutar yaron SSD ce, mun gwada don hankali ya kwanta, ba mu sami ko layi ɗaya ba. Ko a diski mai faifai, PhotoRec ba ya dawo da sunayen fayiloli. Dubban fayiloli masu lamba zai tara maka. Dabarar ita ce ka binciki cikinsu da kalmar da ka tabbata tana rubutunka, kamar label start ko sunan wani ɗan wasa.

Wani abu da ke yawan faruwa da mu a nan: ka kai kile, wato ɗan ma'ajin USB, wurin buga takardu, ka dawo ka tarar foldojinka sun koma gajerun hanyoyi marasa komai. Kada ka share kilen. Birus ɗin ɓoye su ya yi, bai goge ba. Umarnin attrib -h -r -s /s /d a kan harafin kilen yakan fito da su, amma kada ka danna ko ɗaya daga cikin gajerun hanyoyin.

Hanya ta uku ita ta cece mu, wato warware dafaffen fayil a koma da shi ɗanye. Abin da ya sa na tambaye shi wa ya ba wasan ke nan. Sati biyu kafin abin ya faru, ya tura wa wani abokinsa na Garin Malam fayil ɗin APK don ya gwada a waya, kuma Allah Ya sa bai goge ba. APK ba komai ba ne illa zip da aka sauya wa suna. Muka buɗe, muka tarar da fayilolin .rpyc a cikin assets, kowanne da x- a gaban sunansa. Manhajar unrpyc ta mayar da su .rpy. A kula, tana da reshe biyu, na Ren'Py 8 da na 7 zuwa ƙasa, a ɗauki wanda ya dace. Idan kayan wasan na ƙunshe cikin .rpa, sai an fara kwance shi da unrpa ko rpatool. Wanda kuma .rpyc ɗinsa na nan a foldar aiki, ya kwafe su gefe tun kafin ya taɓa komai, kuma kada ya danna Force Recompile, domin yana kawar da .rpyc ɗin da ba su da ɗanyen rubutu a kusa da su. Idan ka taɓa raba wasan na kwamfuta, buɗe zip ɗin ka duba, sau da yawa .rpy na tafiya a ciki in ba kai ka hana ba.

Injinan ba ɗaya suke ba wajen wannan. Ren'Py ya fi kowa sauƙin kai. Godot na biye da shi: GDRE Tools kan dawo da kusan dukan aikin daga fayil ɗin .pck ko APK. RPG Maker MV da MZ ma ba su da wuya, bayanansu a JSON suke, ana karantawa da ido. Unity ne mai fuska biyu, domin hanya biyu yake gina wasa, Mono da IL2CPP. Idan da Mono aka gina, ILSpy zai buɗe Assembly-CSharp.dll ya ba ka kod da za ka iya aiki da shi. Idan da IL2CPP ne, an riga an juya kod ɗin zuwa harshen na'ura, abin da za ka samu bai wuce sunayen sassa ba, cikin kuwa sai ka sake rubutawa. Kuma tun Agusta 2019 da Google Play ya wajabta 64-bit, wasan Unity na Android da ke can da IL2CPP ake gina shi. Saboda haka mai Unity kada ya jingina da wannan hanya ko kaɗan.

Ko inda ta yi aiki, ba komai take dawowa da shi ba. Bayanan gefe da yaron ya rubuta wa kansa, irin su "nan zan ƙara rijiyar da ta ƙafe", babu su, domin ba sa shiga dafaffen fayil. Hotunan sun dawo a daskare, amma na asali masu hawa-hawa da ya zana a Krita sun tafi, yanzu in zai sauya rawanin madugu sai ya sake zana mutumin. Rubutun sati biyun ƙarshe ma ya tafi. Mun sami wani tsohon kwafi na wata uku a kile, muka jera shi da wanda aka warware, muka dinga ɗinke su layi-layi. Sannan ina gargaɗi: wannan dabara don aikinka ce. Warware wasan wani ka ɗebe masa labari cin amana ne, ko da manhajar ba ta tambaye ka ba.

To, ina za a ajiye?

Kusan kowa da kile yake farawa, kuma ban raina shi ba. Ba ya cin mega, ba ya jiran intanet, yana shiga aljihu. Amma na ga mutuwarsa ta hanyoyi da yawa. Akwai na jabu da aka rubuta wa girman da ba shi da shi: zai nuna ya karɓi fayil, ranar buɗewa ka tarar shara ce. Sabon kile a gwada shi da H2testw kafin a ba shi amana. Akwai zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da birus na wuraren buga takardu. Amma babban aibinsa biyu ne. Na farko, da hannu ake kwafa, hannu kuwa yana mantuwa. Na yaron wata uku ya yi ba a sabunta ba. Na biyu, a jaka ɗaya yake kwana da kwamfuta. A watan Oktoba 2011 ɓarayi suka shiga gidan masu haɗa wasan Project Zomboid a Ingila, suka ɗauke kwamfuta biyu: ɗaya mai aikin, ɗayar kuma ita ce ajiyar. Aikin watanni ya tafi a dare ɗaya. Jakar da aka fizge a kan kabu-kabu haka za ta yi maka. Diski na waje ya fi kile girma da aminci, shi ya dace da hotuna da sauti, sai dai mai faifai ba ya son faɗuwa, kuma idan kullum a jone yake, abin da ya sami kwamfuta zai iya samunsa.

Google Drive na ba da giga 15 kyauta, OneDrive 5, Dropbox 2. Sun warware matsalar wuri, domin wuta ko ɓarawo a Sabon Gari ba zai kai gare su ba. Sai dai a fahimci yadda suke aiki idan an haɗa su da folda: madubi ne. Ka goge a kwamfuta, su ma su goge. Ka lalata fayil, su ɗauki lalataccen. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu, tsofaffin siffofin fayil ma wajen haka, kuma na faɗa a sama cewa mai Ren'Py kan daɗe bai san ya yi asara ba. Ga shi kuma foldar Unity na ɗauke da Library mai nauyi da ke sauyawa kullum, madubin zai ta aika ta yana shanye maka mega. Idan za ka yi amfani da Drive, kada ka jona shi da foldar aiki. Ka ɗaure aikin a zip, ka sa masa kwanan wata a suna, ka ɗora da hannu, kada sabo ya hau kan tsoho.

Tura wa kai a Telegram ko WhatsApp fa? Ba zan hana ba, tunda irin wannan turawar ce ta cece mu. Amma ba ɗaya suke ba. Telegram na ajiye saƙo a rumbunsa, fayil har giga 2, in ka sauya waya za ka same shi. WhatsApp a wayar yake dogara. Fayil ɗin da ya daɗe kana iya nema ya ce babu. Dukansu kuma a lambar waya suke rataye, layin da aka daina amfani da shi kuwa ana iya ba wani. A matsayin ƙari suna da amfani. A matsayin ginshiƙi, a'a. Kuma a tura ɗanyen aikin, ba APK kaɗai ba.

Sai Git, wanda shi nake so in tsaya a kansa, domin shi samarinmu ke gudu kuma shi ya fi dacewa da halin da muke ciki. Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro shi a 2005. Aikinsa kamar tafiyar ayari ne: duk inda ka kai wani matsayi sai ka yada zango, wato ka danna Commit tare da ɗan bayani, "na gama babin rijiya". Kowane zango na nan a rubuce, kana iya komawa na jiya ko na watan jiya, ka ga layin da ka sauya da ranar da ka sauya shi. Wannan ne abin da kile da Drive ba sa yi sosai: ba ɓacewar fayil kaɗai yake karewa ba, har ɓarnar da ka yi da hannunka. Ko ka yi kuskure a cikin Git ɗin kansa, git reflog kan nuna maka zangon da kake zaton ya ɓace.

Ƙorafin da nake ji kullum shi ne mega. Mu yi lissafi. Labari mai kalma 100,000, wanda dogo ne ƙwarai, in kowace kalma ta ci harafi shida, wajen kilobayit 600 ke nan, bai kai hoto ɗaya na wayar zamani ba. Kuma bayan turawar farko, abin da ya sauya kawai Git ke aikawa. Yada zango kuwa ba ya buƙatar intanet sam. Kana iya yin goma a ranar da babu layi, ranar da ya dawo ka tura su a tare cikin ƙiftawar ido. GitHub, shafin intanet da ake tura wa aikin Git, ya buɗe rumbun sirri kyauta tun Janairu 2019, GitLab ma na da shi. Wanda ke tsoron baƙin allon umarni ya ɗauki GitHub Desktop, maɓalli biyu ne aikin yau da kullum, Commit na yada zango da Push na turawa.

Yana da nasa sharuɗɗan. Zangon da ba a tura ba yana kan diskinka ne, zai mutu tare da shi. Git bai ƙware da manyan hotuna da sauti ba, domin kowane gyara sabon kwafi yake tarawa, GitHub kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce mega 100 ta hanyar da aka saba. Dole ka koya masa abin da zai tsallake ta fayil ɗin .gitignore: Library da Temp a Unity, .godot a Godot, cache da saves a Ren'Py. Mai Unity kada ya tsallake fayilolin .meta, in babu su aikin zai wargaje. Sannan lambobin ceton asusunka, ka rubuta su a takarda ka sa inda kake ajiye takardun lekwal, domin wayar da ke karɓar lambar shiga ita ma tana ɓacewa. Kwana ɗaya ko biyu na koyo zai ci maka, ba na musun haka.

Akwai ƙaramin fayil da kusan kowa ke mantawa, android.keystore, mabuɗin da ake sa wa APK hannu da shi. In ya ɓace, sabon APK ɗinka ba zai hau kan tsohon da ke wayoyin mutane ba, sai sun cire sun sake sawa, ajiyar wasansu ta tafi. Na yaron ya tafi da sharewar. Wannan fayil a kile da takardunka ya kamata ya zauna, ba a rumbun da kowa ke gani ba.

Ga abin da na zaɓa masa, kuma shi zan zaɓa wa duk wanda ya tambaye ni. Kada a nemi wuri ɗaya da zai ɗauki komai, a raba kaya gwargwadon nauyinsu. Rubutu, mara nauyi mai sauyawa kullum, ya tafi Git da rumbun sirri, a tura duk daren da aka yi aiki. Hotuna na asali da sauti, masu nauyi marasa yawan sauyawa, su tafi diski na waje ko kile mai kyau sau ɗaya a sati, kuma abin ya kwana a wani gida. Zip guda a Drive ko Telegram duk ƙarshen wata in mega ta samu. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a nesa. Wanda ba shi da intanet ko kaɗan ma kada ya bar Git: umarnin git bundle na ɗaure dukan tarihin aikin a fayil ɗaya da za a sa a kile. Wanda kuma ya ce shi ba zai koyi Git ba, to zip mai kwanan wata a wuri biyu, kuma kada ya goge tsofaffin. Jordan Mechner ya fitar da wasan Prince of Persia a 1989, kod ɗinsa na asali ya ɓace masa shekara da shekaru, sai a 2012 ya fito daga wani kwali na tsofaffin faifai da mahaifinsa ya aiko masa.

Saura gwaji. A 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin GitLab ya goge rumbun bayanai bisa kuskure, aka juya ga hanyoyin ajiyarsu aka tarar yawancinsu ba sa aiki, suka yi asarar bayanan wajen awa shida. Su da kansu suka bayyana haka a fili. Saboda haka na sa wa yaron sharaɗi: Juma'ar farko ta kowane wata, bayan an sauko daga masallaci, zai zo shago ya sauke aikin daga GitHub a kan kwamfutata, ya zuba hotunan daga kile, mu tada wasan mu gani. A karon farko bai tashi ba, ashe foldar haruffan da ke nuna ƙ da ɗ da ɓ ba ta shiga ko'ina ba. Muka gyara nan take.

Kilen yanzu yana Birni, a ɗakin kakarsa, cikin kwanon da take ajiye takardun gida. Ranar da ya kai mata ta tambaye shi, "Mai gida, wannan ɗan ƙarfen me ke ciki?" Ya ce, "Ayari ne, Kaka, da raƙumansa." Ta ce to ya riƙa zuwa duba su duk Asabar, kuma ya zo mata da goro.